Gajiyar Girki Ga Mai Rage Cin Sitaci

A cikin zancenmu na kimiyya na yau za mu duba wani al'amari wanda ba safai a kan ambace shi a ɗakin likita ba, ko da ya ke sau da yawa shi ne ya kan warware aikin likitan duka. Al'amarin kuwa shi ne gajiyar girki, wadda ta kan kama mutumin da aka umurta ya rage cin abinci mai sitaci.

Ga yadda abin ya kan faru. Mutum ya je asibiti, a Kumasi ne ko a Garwa, a Jidda ne ko a Landan, aka auna jininsa aka ce sukari ya yi yawa, ko kuwa aka ce ƙiba ta soma yi masa lahani. Aka ce ya rage tuwo da shinkafa da burodi, ya ƙara ganye da kifi da ƙwai. Ya komo gida da ƙarfin zuciya. Makon fari kullum ana yanka ana soyawa, ba wanda ya ce uffan. Kafin wata biyu su cika, ran nan sai a komo daga aiki bayan magariba a tarar ba a tanadi kome ba, ga yunwa, ga burodi a ajiye. Daga ranar ƙa'ida ta karye, sau da yawa kuwa ba ta sake ɗoruwa. Mutumin ya kan zargi kansa da rashin haƙuri, alhali kuwa abin da ya kā da shi aiki ne ya yi masa yawa, aiki kuwa ana iya rage shi.

ABIN DA A KE NUFI DA RAGE SITACI

Dawa da gero da masara da shinkafa da alkama, da doya da rogo da dankali, dukansu cike su ke da sitaci. In an ci su, hanji ya kan narkar da sitacin ya mai da shi sukari, sukarin ya shiga jini, sa'an nan wani sinadari mai suna insulin ya buɗe masa hanya zuwa cikin tsoka da sauran sassan jiki. Mai ciwon sukari irin na manya, jikinsa ba ya jin kiran insulin sosai, saboda haka sukari ya kan taru a jininsa bayan cin abinci. Sitaci da sukari su ne masana su ke haɗawa su kira kabohaidiret.

Bisa ga lissafin likitoci, wanda ba ya cin fiye da giram 130 na kabohaidiret a yini shi ne mai rage sitaci. Akwai kuma masu tsanantawa, waɗanda su ke tsayawa tsakanin giram 20 da 50. Domin ku gane girman abin, giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa yana da kamar giram 28 na sitaci, watau farantin da ya ɗauki giram 300 ya riga ya cinye fiye da rabin rabon yini na mai sassauci, ya kuma zarce rabon mai tsanantawa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A cikin 1797 wani likitan sojan Ingila, John Rollo, ya wallafa labarin yadda ya yi jinyar mai ciwon sukari da abinci na nama da kitse. A cikin 1863 kuma wani mutumin Landan mai sana'ar shirya jana'iza, William Banting, ya buga ɗan littafi a kan yadda ya bar burodi da sukari da madara da man shanu da dankali da giya bisa ga shawarar likitansa, ya zubar da nauyin laba 46 cikin misalin shekara guda. Littafin ya yi kasuwa har sunan Banting ya zama kalmar rage ƙiba a bakin Turawan Ingila na zamanin. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, a cikin 1972, Likita Robert Atkins na Amurka ya sake farfaɗo da zancen.

ABIN DA GWAJI YA NUNA

A cikin 2005 waɗansu likitoci a birnin Boston na Amurka, ƙarƙashin Likita Michael Dansinger, suka ba da labarin wani gwaji. Sun raba mutum 160 kashi huɗu, kowane kashi da tasa ƙa'idar cin abinci, ɗaya daga ciki ita ce ta Atkins. Da shekara ta kewayo, cikin mutum 40 da aka sa a kan ta Atkins 21 kaɗai suka kai ƙarshen gwajin. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, da aka auna nauyin da aka zubar, sai aka ga irin ƙa'idar ba ita ce ta raba mutanen ba. Wanda ya riƙe tasa da kyau ya ragu, wanda ya yi sako-sako bai ragu ba, ko wacce aka ba shi.

A cikin 2018 Farfesa Christopher Gardner na Jami'ar Stanford ya ba da sakamakon wani gwaji mafi girma, na mutum 609, tsawon wata 12. Masu rage sitaci sun zubar da misalin kilo 6, masu rage kitse misalin kilo 5.3, bambancin da masanan suka ce bai taka kara ya karya ba. An kuwa hori ɓangarorin biyu da su yawaita ganye, su guji sukari da farin gari, su ci abincin da aka dafa a gida gwargwadon hali.

A Ingila kuma, Likita David Unwin na garin Southport ya wallafa a cikin 2023 labarin mutum 186 masu ciwon sukari waɗanda suka zaɓi rage sitaci a ƙarƙashin kulawar asibitinsa. A tsakaice sun yi wata 33 a kai, sun zubar da misalin kilo 10, kuma kusan rabinsu sukarinsu ya sauka har suka zauna ba tare da maganin sukari ba. Ku lura da tsawon lokacin, wata 33, kusan shekara uku ke nan. Wanda zai yi shekara uku a kan hanya, tilas ya nemi tafiyar da ƙafarsa za ta iya ɗauka.

INDA GAJIYAR TA KE FITOWA

Mafarinta a cikin jiki ne. Jikin babban mutum ya kan ajiye sukari a hanta, kamar giram 100, da cikin tsoka, kamar giram 400, kuma kowane giram na ajiyar nan yana riƙe da misalin giram 3 na ruwa. In an rage sitaci farat ɗaya, jiki ya kan ci ajiyar, ruwan ya fita ta fitsari tare da gishiri. Shi ya sa nauyi ya kan faɗi da sauri a makon fari, shi ya sa kuma mutum ya kan ji kasala da ciwon kai da ɗan jiri. Wannan ya kan wuce cikin 'yan kwanaki, ko mako ɗaya zuwa biyu. Amma ku duba, daidai lokacin da ƙarfin mutum ya ragu shi ne lokacin da a ke son ya koyi sabon girki.

Sa'an nan akwai halin abincin kansa. Hatsi ya zama uban abinci a duniya domin yana ajiyuwa, yana da araha, tukunya guda kuma ta ƙosar da gida. Buhun shinkafa ya yi watanni a ɗaki ba abin da ya same shi, burodi kuwa ko wuta ba ya bukata. Amma alayyafo kwana biyu ya yanƙwane, ɗanyen kifi yini guda a cikin zafi ya ɓaci. Kowannensu sai an je kasuwa, an tsince, an wanke, an yanka. Wanda ya bar hatsi ya koma ga waɗannan ya ƙara wa kansa tafiya kasuwa da tsayuwa a gaban murhu da wanke-wanke.

Abu na uku shi ne tukunya biyu a gida ɗaya. Maigida ne aka hana shi tuwo, yara kuwa ba a hana su ba. Uwargida ta gama na iyali ta koma ta ɗora na mutum guda, safe da rana da dare, watau girki shida ke nan a maimakon uku. In kuwa ita ce mai ƙa'idar, nata ne a kan bari ƙarshe, sa'ad da ƙarfinta ya ƙare. Ɗalibi ko ma'aikaci da ke zaune shi kaɗai a Ingila ko Amurka, mai aikin dare, shi ne mai cefane, shi ne mai girki, shi ne mai wanke kwano. A kan wannan duka ga tunanin me za a dafa yau, wanda dā al'ada ta ɗauke wa mutum, yanzu kuwa kullum sai ya sake shi.

Mai gajiya kuwa abin da ke kusa ya kan miƙa wa hannu, watau abincin kanti da aka sarrafa a masana'anta. A cikin 2019 Dokta Kevin Hall na cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ya ajiye mutum 20 a asibiti, mako biyu a kan irin wannan abinci, mako biyu a kan wanda aka dafa daga ɗanyen kaya, kowa ya ci iyakar son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun ci ƙarin kalori kamar 500 kowace rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo guda.

TUKUNYA GUDA

Maganin farko shi ne a koma tukunya guda. Girkin Hausa ya zo da sauƙi a nan, gama ya raba abinci biyu tun asali, tuwo daban, miya daban. Sitacin yana cikin tuwon. Miyar kuka da ta kuɓewa da ta karkashi da ta yakuwa da ta zogale, da miyar ayoyo ta mutanen Tamale da Kumasi, sitacinsu kaɗan ne ƙwarai, muddin ba a kaɗa su da gari ba. Saboda haka a dafa miya ɗaya domin kowa, a yawaita mata ganye da kifi ko nama har ta yi kauri a iya shan ta da cokali. Iyali su ci da tuwonsu, mai ƙa'ida ya cika kwanonsa da miya ya ɗauki 'yar malmala, gwargwadon abin da likita ya yarje masa. Ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka tana koyar da awo mai sauƙi wanda ba ya bukatar sikeli: rabin faranti ganye, rubu'i nama ko kifi ko ƙwai, rubu'i mai sitaci. Awon nan yana aiki a kan wake da shinkafa na zangon Kumasi, yana aiki a kan kabsar Jidda da kisirar Kartum.

Waɗansu 'yan Afirka ta Yamma mazauna Turai da Amurka su kan markaɗa kabeji su tuƙa shi ya zama kamar tuwo. Ba laifi ga mai sarari, ran hutu. Amma duk abin da aka ƙirƙiro domin ya kwaikwayi tuwo ko burodi ya kan fi na ainihin cin lokaci, wanda kuwa gajiya ta riga ta kama bai kamata ya dogara da shi ba.

A DAFA SAU ƊAYA, A CI SAU DA YAWA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke da firiji ya ware yini ɗaya ko biyu a mako, ya dafa miya iri biyu da yawa, ya gasa kaza ko kifi, ya dafa ƙwai, ya yanka albasa da kabeji ya ajiye. Wanda zai fara ƙa'idar ma, gara ya yi wannan tanadi kafin ranar farawa, domin makon kasala ya same shi da abinci a hannu. Aikin wanke tukunya da hura wuta kusan ɗaya ne, ko ta mutum biyu aka dafa ko ta mutum goma.

Sai dai ajiyar dafaffen abinci tana da sharuɗɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a bar dafaffen abinci fiye da awa 2 a zafin ɗaki, a ajiye shi ƙasa da digiri 5, ko a riƙe shi da zafi sama da digiri 60, gama tsakanin waɗannan biyu ne ƙwayoyin cuta su ke hayayyafa. Akwai wata ƙwayar cuta wadda irinta ba ya mutuwa da tafasa. In babbar tukunyar miyar nama ta kwana tana hucewa sannu-sannu, sai irin ya farka ya yaɗu, miyar kuwa ba lalle ta canza wari ko ɗanɗano ba, wanda ya sha ya kwana da murɗar ciki da zawo. Domin haka a raba miya cikin ƙananan mazubai marasa zurfi ta huce da sauri. Hukumar kula da abinci ta Ingila ta ce a cinye ragowar abincin firiji cikin kwana 2, ta Amurka ta ce kwana 3 zuwa 4. Abin da zai wuce haka a daskarar da shi a digiri 18 ƙasa da sifiri, a rubuta kwanan wata a jikin mazubin. In za a ɗumama, a ɗebi na ci ɗaya kaɗai, a bari ya tafasa har tsakiyarsa. Dafaffen ƙwai da ɓawonsa ya kan kai mako guda a firiji.

Kada kuma a raina daskararren ganye na kanti. Wani Ba'amurke, Clarence Birdseye, ya lura a ƙasar Labrador ta arewacin Kanada cewa kifin da ya daskare nan take cikin tsananin sanyi, in ya narke kamar sabo ya ke. Dalili kuwa, daskarewa da sauri ƙanƙara ƙanana ta kan haifar, waɗanda ba su farfasa naman abin. A cikin 1930 aka fara sayar da kayansa a kantuna. Alayyafo da kuɓewa da aka daskarar jim kaɗan bayan tsinka suna riƙe da yawancin amfaninsu, an kuwa riga an wanke an yanka. Haka nan tukunyar tururi mai murfin kulle, wadda asalinta ya koma ga wani Bafaranshe, Denis Papin, a cikin 1679: ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ya kan tsaya a digiri 100, a cikinta kuwa ya kan kai wajen 120, saboda haka wake da nama mai tauri su kan nuna cikin ƙasa da rabin lokacin da aka saba.

INDA BA FIRIJI

Da yawa cikin masu sauraronmu ba su da firiji, ko kuwa wutar lantarki ba ta tsayawa. A nan dabarar kakanni ita ce abin dogara, watau busarwa. Ƙwayoyin cuta ba su hayayyafa inda ba ruwa. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa, busasshen zogale da yakuwa, daddawa, bandar kifi, da busasshen naman da mutanen Chadi da Sudan su ke kira sharmut, duk suna watanni a ajiye. In an daka su tun ran hutu an zuba a gwangwanaye masu murfi, miya ta kan haɗu cikin ɗan lokaci kaɗan. Watau mai firiji ya ajiye dafaffe, marar firiji ya ajiye dakakke, ya dafa iyakar abin da za a cinye a yinin. Gyaɗar da ta yi funfuna kuwa a zubar da ita, gama funfunar tana da dafi mai cutar hanta.

RANAR DA BA A IYA KOME BA

Kome tanadi, wata rana gajiya za ta yi rinjaye, wajibi ne kuwa a shirya wa ranar tun ba ta zo ba. A ajiye abin da ba ya bukatar wuta: kifin gwangwani, dafaffen ƙwai, tumatir da kokwamba, fiya, kindirmo marar sukari, ɗan soyayyen gyaɗa. Kwaɗon zogale ko na kabeji da garin ƙuli-ƙuli abinci ne cikakke. A waje kuma akwai tsire da balangu da gasasshen kifi da awara, da cukun Fulani da a ke kira wagashi a Gana. A yi hattara da kilishi, domin a kan sa masa sukari, gishirinsa kuma da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, misalin ƙaramin cokali guda ke nan, har da wanda ke cikin dunƙulen miya da kayan gwangwani.

Game da tunanin me za a dafa, a zauna sau ɗaya a tsara karin kumallo iri biyu da abincin dare iri biyar ko shida, a riƙa juya su. Kakanninmu sun ci tuwo da miya kowane dare, miyar kaɗai su ke sauyawa, ba su kuwa ce an cuce su ba. Aikin ma a raba shi, gama hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Maigidan da aka yi wa ƙa'ida ya ɗauki cefane, yara su yi tsinta da wanke-wanke, ɗalibai biyu ko uku da ke gida ɗaya su yi karɓa-karɓa.

In duk da haka abin ya gagara, a sassauta ƙa'idar da sanin likita, kada a yar da ita. Wanda ya kasa tsayawa a giram 50 yana iya tsayawa a 130. Wake yana da sitaci, kamar giram 20 cikin giram 100 na dafaffe, amma yana da ɓawo da abin gina jiki masu jinkirta shigar sukari cikin jini, saboda haka alala da faten wake mai ganye sun fi farar shinkafa nesa. Barin lemon kwalba da sukarin shayi ba ya bukatar girki ko kaɗan. Kuma cin burodi dare ɗaya bai rushe aikin wata biyu ba, gobe da safe sai a ɗora daga inda aka tsaya.

GARGAƊI

Wanda ke yin allurar insulin, ko ya ke shan magani irin su gliclazide, kada ya rage sitaci sai likita ya daidaita masa maganin, in ba haka ba sukarinsa yana iya faɗuwa har ya suma. Wannan haɗari ya fi tsanani ga wanda gajiya ta sa ya kwana bai ci ba alhali ya sha magani. Masu shan dapagliflozin ko empagliflozin, tsananta rage sitaci yana iya sa jininsu ya yi tsami, cuta mai kai mutum gadon asibiti. Masu maganin hawan jini su riƙa aunawa, domin jinin ya kan sauka in nauyi ya ragu. Mace mai ciki ko mai shayarwa, da yara, da mai ciwon ƙoda, kada su shiga wannan ƙa'ida da ra'ayin kansu. In kuwa kasala ta wuce mako biyu ba ta sake mutum ba, ya koma asibiti a duba shi, gama ƙarancin jini da waɗansu cututtuka su ma su kan zo da kasala.

To, jama'a, in za ku koma wurin likita, ku gaya masa wanda ke yi muku girki, da lokacin da ku ke komowa gida, da ko kuna da firiji, domin ya auna muku ƙa'idar daidai da gidanku. Iyakar zancenmu na yau ke nan.